Idan Jirgin Fasinja Ya Ɓace a Kan Teku: Tambayoyin da Mutanen Zango Ke Yawan Yi

Mazauna unguwannin Nima da Mamobi a Accra sun saba da rugugin jiragen filin Kotoka har ba sa ɗaga kai. Amma ranar da ɗan gida zai tashi zuwa Amurka, ko aka fara kiran sunayen maniyyata, sai tsohuwar fargaba ta dawo, a tuno jirgin Maleshiya da ya ɓace. Waɗannan su ne tambayoyin da ake ta maimaitawa a bakin masallaci da cikin gidaje.

Da gaske ne jirgi ɗauke da ɗaruruwan mutane ya ɓace, har yau ba a gan shi ba?

Da gaske ne. A daren 8 ga Maris 2014, jirgin Malaysia Airlines mai lamba MH370, ƙirar Boeing 777, ya tashi daga Kuala Lumpur zai je Beijin da mutum 239: fasinja 227 da ma'aikata 12. Mafi yawan fasinjojin 'yan ƙasar Sin ne. Da ƙarfe 1:19 na dare agogon can, aka ji murya daga ɗakin matuƙa tana yi wa masu kula da sararin Maleshiya sai da safe, domin jirgin zai shiga hannun na Biyetnam. Bayan kamar minti biyu, na'urar da ke sanar da lambarsa da inda yake ta ɗauke. Bai kira Biyetnam ba.

Daga baya aka gano cewa radar ɗin sojoji ta ga ya juyo, ya ratsa Maleshiya ya nufi yamma, har ƙarfe 2:22 da ya fita daga ganinta. Ba a samu gangar jikinsa ba, ba a samu gawa ko ɗaya ba. A tarihin manyan jiragen fasinja na zamani, babu wani da ya ɓace da mutane masu yawa haka aka rasa inda yake.

Ashe ba kowane jirgi ake gani a radar ba?

A'a. Radar a ƙasa ake kafa ta, kuma ganinta ba ya wuce kusan kilomita 400, saboda duniya a lanƙwashe take. Da zarar jirgi ya yi nisa cikin teku, ya fita daga idonta. Shekaru da yawa, abin da ake dogara da shi a can shi ne matuƙi ya kira ta rediyo mai dogon zango, ko kwamfutar jirgin ta aika saƙo, a ce ga mu a wuri kaza, za mu isa wuri kaza da ƙarfe kaza. Tsakanin wannan kira da na gaba, lissafi kawai mai kula da zirga-zirga yake yi.

Radar kuma iri biyu ce. Akwai wadda ke jefa sigina ya bugi jikin jirgi ya dawo, wadda sojoji suka fi amfani da ita. Tana ganin abu a sama amma ba ta san ko wane ne ba. Akwai wadda ke tambayar jirgin, na'urar cikinsa ta amsa da lambarsa da tsayinsa. Idan wannan na'ura ta yi shiru, jirgin yana iya fita daga allon ma'aikatan farar hula ko da yana saman gari.

Wayata tana nuna mini lungun da nake tsaye a Sabon Zango. Yaya jirgin miliyoyin daloli zai kasa haka?

Jirgin ya san inda yake sarai. Matsalar ita ce ya gaya wa wani. GPS karɓar sigina kawai yake yi daga tauraron ɗan Adam, ba ya mayar da komai. Wayarka ma, ita ta san inda take. Sai da layin sadarwa ko intanet wani zai sani. A MH370, hanyoyin da jirgin ke aika labarinsa ne suka daina aiki.

Mutane kan ce, to me ya sa za a bar wa matuƙi ikon kashe irin wannan na'ura? Dalilin wuta ne. Duk abin da ke cin lantarki a jirgi yana iya yin tartsatsi, kuma dole a iya yanke masa wuta a sama.

Abubuwa sun canja tun daga lokacin. Hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta sa ƙa'ida daga Nuwamba 2018 cewa kamfani ya san inda babban jirginsa yake a kan teku aƙalla kowane minti 15. Tun 2019 kuma akwai taurarin ɗan Adam da ke karɓar siginar jirage kai tsaye daga tsakiyar teku. Sababbin manyan jirage ana sa musu wata na'ura mai cin gashin kanta, wadda idan jirgi ya shiga hali marar kyau za ta riƙa aika inda yake kowane minti ɗaya. Ra'ayina shi ne an yi jinkirin wannan gyara. Tun haɗarin jirgin Air France na 2009, da za a kawo labarinsa a gaba, ya kamata a yi shi.

Tunda ba a gan shi ba, ta yaya aka san kudancin Tekun Indiya ya nufa?

Akwai wata na'urar sadarwa a jirgin da ta ci gaba da amsa wa tauraron kamfanin Inmarsat, kusan sau ɗaya a kowace awa, har ƙarfe 8:19 na safe. Amsar ba ta ɗauke da bayanin wuri. Sai dai injiniyoyi sun auna tsawon lokacin da sigina ke ɗauka ya je ya dawo, suka fitar da nisan jirgin daga tauraron. Suka kuma duba yadda sautin siginar ke ɗan sauyawa, suka gane kudu ya nufa ba arewa ba. Lokacin amsa ta ƙarshe ya yi daidai da lokacin da man jirgin zai ƙare.

Teku ta gaskata lissafin. A Yuli 2015 aka tsinci wani ɓangaren fiffike a gaɓar tsibirin Reunion, hukumomin Faransa suka tabbatar na MH370 ne. Bayan haka aka riƙa tsintar tarkace a gaɓar Mozambik, Tanzaniya, Madagaska, Moris da Afirka ta Kudu, inda igiyar ruwa za ta kai abin da ya faɗa yamma da Ostireliya.

To me ya hana a gano shi?

Faɗi da zurfi. Binciken da Ostireliya ta jagoranta ya laluba murabba'in kilomita 120,000 na ƙasan teku, wato kamar rabin ƙasar Ghana, kafin a dakatar a Janairu 2017. A 2018 kamfanin Ocean Infinity ya ƙara laluben wani yanki da ya kusa kai haka, bai samu ba. Wurin yana da nisan kwanaki a jirgin ruwa daga tashar da ta fi kusa, zurfinsa kan kai mita 4,000 zuwa 6,000, ƙasan kuma ba shimfiɗe yake ba: akwai duwatsu da kwazazzabai, babu haske ko kaɗan. Na'urar da ke laluben da amsa-kuwwa tafiyar hawainiya take yi, kuma inuwar dutse guda tana iya ɓoye mata tarkacen jirgi.

Lissafin tauraron kuma layi ya bayar mai tsawon dubban kilomita, bai nuna wuri guda ba. A 2025 gwamnatin Maleshiya ta sake ƙulla yarjejeniya da Ocean Infinity kan wani sabon yanki, bisa sharaɗin sai an samu jirgin za a biya dala miliyan 70.

Wane ne ya juya jirgin? Wasu sun ce aljanun ruwa ne, wasu sun ce wata ƙasa ce ta ɓoye shi.

Rahoton da Maleshiya ta fitar a Yuli 2018 ya ce alamu sun nuna da hannu aka juya jirgin, ba na'urar tuƙi ce ta yi da kanta ba, amma masu binciken ba su iya tantance dalilin ɓacewarsa ba. Ba su ɗora laifin a kan wani mutum ba. Wanda ya kama sunan matuƙi ko na fasinja ya ce shi ne, ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su faɗa ba, kuma mutanen nan suna da iyalai da ke raye.

Batun ɓoye jirgin a wani tsibiri da mutanensa, tarkacen da aka tsinta a gaɓar Reunion da sauran wurare sun rushe shi. Jirgin ya shiga ruwa ya farfashe. Duk jirgin da aka tsamo baƙin akwatinsa mai naɗar bayanai daga teku, abin da aka tarar a ciki sababi ne da ɗan Adam ke iya ganewa: ƙanƙara, wuta, ƙarewar mai, kuskuren matuƙi, ko mugun nufi.

Irin wannan ya taɓa faruwa a namu tekun na Atilantika?

Ya faru. Daren 31 ga Mayu 2009, jirgin Air France mai lamba 447, ƙirar Airbus A330, ya taso daga Rio de Janeiro ta Birazil zai je Paris da mutum 228. Ya kamata masu kula da sararin teku na Dakar su karɓe shi, amma ba su taɓa jin muryarsa ba, kuma an ɗauki sa'o'i kafin a farga. Cikin 'yan kwanaki aka ga tarkace da gawawwaki a kan ruwa, amma gangar jirgin sai a Afrilu 2011 aka same ta, a zurfin kusan mita 3,900.

Abin da akwatinsa ya nuna yana da ɗaci. Jirgin ya shiga hadari, ƙanƙara ta toshe ƙananan bututun da ke auna gudunsa, na'urar tuƙi ta saki ragama. Toshewar ba ta daɗe ba, injuna kuma lafiyarsu ƙalau. Amma matuƙin da ke riƙe da jirgin ya ja hancinsa sama ya ci gaba da ja, har gudun ya ragu fiffike ya daina ɗaukarsa. Ƙararrawar gargaɗi ta yi ta kaɗawa, babban matuƙi yana hutu ya dawo a makare, cikin kusan minti uku da rabi suka faɗo daga ƙafa 38,000. Bayan wannan aka sauya irin bututun, aka kuma ƙara wa matuƙa horon tuƙi da hannu a can sama.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Abijan. Ranar 30 ga Janairu 2000 jirgin Kenya Airways ya faɗa teku da dare jim kaɗan bayan tashinsa zuwa Legas. Cikin mutum 179, goma suka tsira. Ƙararrawar gargaɗi ce ta kaɗa bisa kuskure, matuƙi ya sunkuyar da jirgin, ga duhu, babu abin da ke nuna masa inda ruwa yake.

Mene ne baƙin akwati, kuma har yaushe yake jure zaman ruwa?

Na'urori biyu ne masu launin ruwan lemo, galibi a wajen wutsiya. Ɗaya tana naɗar bayanan tafiya, kamar gudu, tsayi da aikin injuna. Ɗayar tana naɗar muryoyin ɗakin matuƙa. An ƙera su su jure mugun karo, da wutar da ta haura digiri 1,000, da nauyin ruwa a zurfin mita 6,000. Na Air France sun yi kusan shekara biyu a ƙasan teku, aka kuma karanta su tsaf.

Rauninsu yana wajen nemo su. Kowanne yana da 'yar na'ura mai fitar da sauti idan ta taɓa ruwa, amma a da batirinta kwana 30 yake yi, sautin kuma ba ya wuce 'yan kilomita. Yanzu an mayar da shi kwana 90. Mai naɗar murya ma a da awa biyu na ƙarshe kawai take riƙewa, shi ya sa ko an samu ta MH370, mai yiwuwa lokacin da aka juya jirgin ya riga ya goge. Sababbin manyan jirage awa 25 suke riƙewa.

Ɗana zai tashi daga Accra zuwa New York. Idan injin ya mutu a tsakiyar teku fa?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Jirgi mai inji biyu an ƙera shi ya iya tafiya da ɗaya, ya kuma sauka da shi. Ba a barin sa ya ratsa teku sai an tsara hanyarsa yadda a ko'ina yake, akwai filin da zai iya kaiwa da inji ɗaya cikin ƙayyadadden lokaci, sau da yawa minti 180. A wannan teku akwai irin su Dakar, tsibiran Kef Bad (Cape Verde), Azores da Bamuda. Ana kuma loda man da ya wuce na tafiyar, har da na sauya fili da na jira a sama.

Ko duka biyun sun tsaya, jirgi ba ya faɗowa kamar an sake shi. Yana iya yin shawagi mai nisa. A Agusta 2001 wani Airbus A330 na Air Transat ya tsiyayar da mansa kaf a kan Atilantika, ya yi shawagin fiye da kilomita 100 ba inji, ya sauka a Azores da mutum 306, ba wanda ya rasu.

Jijjigar nan da jirgi ke yi, ba alamar faɗuwa ba ce?

Ba ita ba ce. Iska ce mai hawa da sauka, kuma yankinmu na kusa da tsakiyar duniya yana da ita sosai saboda manyan gizagizan hadari. Fiffike an yi shi ya lanƙwashe ya dawo. Wanda jijjiga ke raunatawa shi ne wanda bai ɗaura bel ba. A Mayu 2024 ta rutsa da wani jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, jirgin kuwa ya sauka lafiya. Muddin kana zaune, bar bel ɗinka a ɗaure ko an kashe fitilar ɗaura bel, har lokacin barci.

Idan jirgi ya sauka a kan ruwa, ana tsira?

Ana tsira, musamman idan matuƙi ne ya sauke shi da dabara. A Janairu 2009 wani jirgin US Airways ya sauka a kogin Hudson na New York bayan tsuntsaye sun kashe masa injuna, duk mutum 155 suka fita da rai.

Akwai darasi guda da nake so kowa ya riƙe. A Nuwamba 1996 aka yi fashin wani jirgin Habasha da zai bi ta Nairobi da Legas zuwa Abijan. Mai ya ƙare, ya faɗa ruwa kusa da gaɓar Komoros, mutum 125 cikin 175 suka rasu. Da yawansu sun tsira daga karon, amma sun hura rigar ceto tun suna ciki. Da ruwa ya cika jirgin sai rigar ta ɗaga su ta manne da rufi, suka kasa nutsawa su fita ta ƙofa. Rigar tana ƙarƙashin kujerarka: ka sa ta, ka ɗaure, amma kada ka ja igiyar hurawa sai kana bakin ƙofar fita. Ka ƙirga layin kujerun da ke tsakaninka da ƙofa tun kafin a tashi. Jaka kuma a bar ta, ko da fasfo da guzuri ne a ciki. Idan kana tare da dattijon da ba ya jin Turanci, fassara masa bayanin ma'aikatan jirgi da Hausa.

Jirgin alhazai fa? Shi ma yana bin teku?

Daga Accra ko Tamale zuwa Saudiyya, kusan duk tafiyar a kan tudu ce, sai Bahar Maliya a ƙarshe. Babban haɗarin da ya taɓa alhazan yankinmu ma ba a teku ya auku ba. Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgin haya ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka, amma aka ƙi tsayawa don kada a makara. Suka fashe wajen tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutar. Mutum 261 suka rasu, Allah Ya jiƙansu.

Shi ya sa idan aka ce jirgi ya yi jinkiri ana gyara, ko hazon hunturu ya hana tashi, bai kamata Alhaji ya tayar da jijiyar wuya ba, duk da na san zaman jira a sansanin alhazai da wuya. Abin da ke hannun maniyyaci shi ne kayansa: kada a ɓoye nauyi, kada a sa abin da ke kama wuta, batirin cajin waya kuma a riƙe shi a jakar hannu, domin idan ya yi hayaƙi a nan ne za a gani a kashe.

Wa ke kula da sararin samaniyar Ghana?

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, GCAA, ita ke ba da lasisi da sa ido, kuma yankin da ake kula da shi daga Accra ya haɗa da wani babban ɓangare na tekun da ke kudu da mu. Tun 2020 binciken haɗari yana hannun wata hukuma ta daban, don kada mai sa ido ya zama shi ke binciken kansa. A tantancewar ICAO ta 2019, Ghana ta samu kusan kashi 90 cikin 100.

Wannan bai sa mun kuɓuta daga jarrabawa ba. A Yuni 2012 wani jirgin kaya ya zarce titinsa a Kotoka ana ruwan sama, ya afka wa motar haya kusa da filin wasa na El-Wak, ya hallaka na cikinta. Ranar 6 ga Agusta 2025 kuma jirgin soja mai saukar ungulu da ya tashi daga Accra zuwa Obuasi ya faɗi a dajin Adansi da mutum takwas, ciki har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Shi ma an fara da cewa ya ɓace daga radar, amma da yake a tudu ne, a ranar aka same shi.

Zuwa Kumasi, jirgi ya fi aminci ko mota?

Jirgi, nesa ba kusa ba. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA ta ƙirga tashi sama da miliyan 40 a duniya a 2024, bakwai ne aka yi asarar rai a cikinsu. Titunan Ghana kaɗai suna cin fiye da mutum 2,000 a kowace shekara. Kuɗin tikiti ne ke raba mutane da jirgi, wannan kuwa wata magana ce.

Idan mutum ya ɓace da jirgi ba a ga gawarsa ba, yaya batun takaba, gado da diyya?

A fiƙihun Malikiyya da akasarinmu ke bi, matar wanda ya ɓace ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba tana kai ƙara ga alƙali, a bincika, a ɗibar mata shekara huɗu, sannan ta yi takabar wata huɗu da kwana goma. Malamai sun bambanta wannan da halin da halaka ta fi rinjaye, irin faɗawar jirgi a teku da hukuma ta tabbatar. Sallar ga'ib ma akwai saɓani: Shafi'iyya da Hanbaliyya sun yarda da ita bisa sallar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Najjashi, Malikiyya da Hanafiyya kuwa ba su tafi a kan haka ba. Kada dangi su yanke hukunci a tsakar gida, kada kuma a taɓa dukiya. A je wurin malamin da ya san babin, ko ofishin Babban Limamin ƙasa.

Ta fuskar doka, sanarwar hukuma ce ke buɗe ƙofa. Maleshiya sai a Janairu 2015 ta ayyana MH370 a matsayin haɗari, aka ɗauka duk na ciki sun rasu. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ɗora wa kamfanin jirgi biyan diyyar asarar da aka tabbatar har zuwa kimanin dala 200,000 a kan kowane fasinja ba tare da sai an nuna laifinsa ba, a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa da ta shafa. Wa'adin shigar da ƙara shekara biyu ne. Kada a sa hannu a wata takardar sulhu sai lauya ya karanta.

Aka ce jirgin da ɗan'uwana ke ciki ya ɓace daga manhajar bibiyar jirage a waya. Me zan yi?

Fara da sanin cewa irin su Flightradar24 sun fi dogara ne da na'urorin karɓar sigina da ke ƙasa, don haka jirgi yakan ɗauke daga taswira a kan teku ko Sahara, ya sake bayyana bayan sa'o'i yana tafiyarsa lafiya. Duba amsar radar a sama. Ka tabbatar da lambar tafiyar da ranarta, ka kira ofishin kamfanin ko ka je teburinsa a filin jirgi. Kada ka tura saƙon murya a zaurukan WhatsApp na dangi kafin ka tabbatar, domin akwai iyaye masu hawan jini a ciki, kuma hotunan tarkacen da ke yawo a irin wannan lokaci galibi na tsofaffin haɗura ne.

Idan abin ya tabbata, kamfani kan buɗe layin waya na musamman don iyalai, kuma yana neman makusanci guda da zai riƙa magana da shi. A zaɓi mutum ɗaya a gida. Tun kafin tafiya, matafiyi ya bar wa wannan mutumin hoton shafin fasfonsa, lambar tikiti da lambar jirgi, ya kuma rubuta sunansa da lambar wayarsa a gurbin wanda za a tuntuɓa lokacin sayen tikiti.